Lambun fure a bayan gida a Legas: fara da sanin inda ruwa zai bi

Shekarar da na fara zama a Agege na yi abin da kusan duk ɗan Arewa zai yi. Akwai ɗan fili a bayan gidan da muke haya, bai fi taku bakwai a tsaye da huɗu a kwance ba. Na ɗauki fartanya na yanka fangali uku, na zurfafa tsakiya na ɗaga gefe, kamar yadda muke yi wa albasa da latas a fadama don ruwa ya kwanta. Cikin Afrilu na dasa furanni, suka kama, har maƙwabta na leƙowa ta katanga. Da Yuni ya kama aka yi ruwan kwana uku ba ƙaƙƙautawa, fangalin nan suka koma tafki. Bayan mako biyu na tumɓuke gindi ɗaya, sai ga saiwa ta yi baƙi tana wari kamar ruɓaɓɓen rogo. Na koma wurin dattijon da na sayi dashen a bakin titi na zayyana masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ai da hannun Kano ka zo. Nan ba a tare ruwa, hanya ake ba shi."

Ruwan da ke sauka a Legas a shekara yakan haura milimita 1,500, wato kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Yana farawa wajen Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ga laima a iska ko da rani. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, daga shimfiɗa wurin zama har zaɓen fure, a kan wannan gaɓa yake tafiya.

Ka fara da kallo, ba da haƙa ba

Kafin ka kashe ko kwabo, jira a yi ruwa mai ƙarfi, ka ɗauki lema ka fita bayan gidan ana tsaka da shi. Dubi inda indararo ke zuba, inda ruwan ke bi, da inda yake taruwa. Bayan awa ɗaya da ɗaukewa ka sake fita. Duk inda ka tarar da ruwa a kwance, kafa tsinke. Wannan wurin ko dai a cike shi, ko a fitar masa da hanya zuwa kwata, amma ba wurin fure ba ne a yadda yake.

Sai gwajin rami. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bari ya tsotse, ka sake cikawa. In da safe ka cika, har azahar ta yi bai tsotse ba, ƙasarka mai riƙe ruwa ce. A Agege da Ikeja da kewayensu galibi jar ƙasa ce mai danƙo, in ta jiƙe ta kama ƙafa, in ta bushe ta gagari diga. A Lekki da Ajah da Victoria Island kuma rairayi ne, wurare da yawa ma cikowa aka yi da yashi. Can ruwa na wucewa nan da nan, sai dai ruwan ƙarƙashin ƙasa na kusa, da damina kana iya haƙa kaɗan ka tarar da shi.

Rana ma sai ka ƙirga ta. Gidajen Legas a matse suke, bene na jikin bene, katanga doguwa. Ranar da kake gida ka leƙa da hantsi, da azahar, da la'asar, ka lura da inda rana ke kai awa biyar ko shida da inda ba ta wuce biyu. Yawancin furen da ke mutuwa ko ya ƙi fure a bayan gida, mai son rana ne aka kai shi inuwa.

In haya kake, yi magana da mai gida tukuna, kuma ka tambaye shi inda sokawe yake da inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi. Kada ka dasa itace mai babbar saiwa kusa da sokawe ko harsashin gini. In kuma akwai tsohuwar bishiya da ta tare maka rana, kada ka yi saurin kiran mai sara: hukumar kula da wuraren shaƙatawa da lambuna ta jihar, LASPARK, ita ke ba da izinin sare itace a Legas. Mai gidan da ya ƙi yarda a taɓa masa ƙasa, bar shi da ƙasarsa, ka yi lambunka a tukwane da tsofaffin bokitai. Ranar tashi ka loda kayanka.

Wurin zama kafin wurin fure

Mutane kan fara dasa fure, daga baya su kira birkila ya zo ya tattake shi da baro. Fara da inda za a zauna. Ɗauki igiya da toka ka zana a ƙasa: nan za a shimfiɗa tabarma ko a ajiye kujeru, nan hanyar zuwa tanki, nan igiyar shanya, nan janareta. Uwargida ta fi ka sanin hanyoyin bayan gida, kira ta ta tsaya a kan zanen. Ni da na zana nawa, gadon furen ya faɗa daidai inda ake ajiye turmi da murhun gawayi, sai da aka sake. Wurin zaman mutum huɗu zuwa biyar, mita 3 a kan mita 3 ya isa.

A ganina intalok, wato ƙananan bulon da ake jerawa a ƙasa suna kama juna, ya fi dacewa da Legas a kan zuba siminti gaba ɗaya. Ruwa na ratsawa ta tsakaninsa, in bututu ya fashe a ɗaga 'yan ƙwayoyi a gyara a mayar. Tayil mai santsi kuwa a waje, ka rufa wa kanka asiri. Da damina gansakuka na hawansa, tsoho ko yaro ya taka sai asibiti.

Yadda ake shimfiɗawa: a kwashe ƙasa kimanin santimita 20, a daddaɓe ƙasan sosai. A zuba tsakuwa ko jar ƙasa mai tsakuwa santimita 10, a yayyafa ruwa a sake daɓewa. A bi da yashi santimita 3 zuwa 4 a baje shi da katako. Sannan a jera intalok mai kaurin santimita 6, wanda ya ishi tafiyar ƙafa (mai 8 na inda mota ke hawa ne). A ɗaure gefe da bulo ko kankare, in ba haka ba damina ɗaya zai fara buɗewa. Daga ƙarshe a watsa busasshen yashi a share shi ya cika tsakani.

Abin da za ka tsaya a kan birkila ya yi shi ne gangare. Kowace mita ɗaya ta sauka da kamar santimita 2, daga jikin gini zuwa kwata. Kada ka yarda da "ai na gani da ido". In ya gama, kafin ka biya cikon kuɗi, watsa bokiti biyu na ruwa ka ga inda ya nufa. Kuma kada ka juya ruwanka cikin gidan maƙwabci. Rigimar kwata a Legas ta raba mutanen da suka shekara goma suna gaisawa.

Wata dabara da na ji daɗinta: na sa wurin alwala a bakin gadon fure, da ɗan dutse na zama da tsakuwa a ƙasa. Ruwan alwala sau biyar a rana, da rani, ya riƙe mini gindin lalle da na ɗaɗɗoya ba tare da na ɗauki bokiti ba. Ruwan wanki mai omo da bilic dai kada ya bi nan.

Gadon fure: sama ake yi da shi

Maimakon fangali, kunya za ka yi, mai faɗi. Jera bulo mai inci shida layi ɗaya ko biyu, yadda saman ƙasar zai ɗara filin da santimita 25 zuwa 30. Inda ruwa ke kwanciya sosai, kai shi 40. A layin ƙasa bar 'yar kafa tsakanin bulo da bulo kowace mita guda, kada a toshe da siminti, ta nan ruwa zai tsiyaye. Faɗin gadon kada ya wuce mita ɗaya in da katanga a bayansa, don hannunka ya kai ƙarshe ba sai ka taka ciki ba.

Kada ka jingina ƙasa da bangon ɗaki. Bar tazarar taku ɗaya aƙalla, ka zuba tsakuwa a wurin. In ka haɗa su, laima za ta ratsa bango, fenti ya kumbura daga ciki, gara kuma ta sami gada.

Kafin ka zuba sabuwar ƙasa, sassare ta ƙasan da diga, ka tsince ɓaraguzan gini. Bayan gidajen Legas cike yake da guntayen bulo da busasshen siminti da leda da aka binne.

Haɗin ƙasa ya danganta da unguwarku. Inda ake da jar ƙasa: baro biyu na baƙar ƙasa, baro ɗaya na ruɓaɓɓen taki, baro ɗaya na yashi mai kaushi. Inda rairayi ne, cire yashin, ƙara taki, ka haɗa da dakakken ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka tsane, yana riƙe danshi. Kwakwa ba ta wuya a jihar da ke da Badagry, garin kwakwa. Yashin bakin teku akwai gishiri, kada ka kusance shi.

Kashin shanu ana samu wajen masu shanu da mayankar Oko-Oba, kashin kaji kuma a gonakin kaji. Kowanne ka samo, kada ka zuba shi ɗanye. Na kaji musamman zafi gare shi, yana ƙone saiwa. Tara shi a gefe, rufe da buhu don ruwan sama kada ya wanke shi, ka riƙa juyawa duk mako har wata biyu. In ya daina wari da zafi, ya yi baƙi yana marmashewa a hannu, ya nuna.

Baƙar ƙasar da ake kawowa a tifa ko a buhu takan zo da baƙi: aya-aya, tofa, da kiri-kiri (ciyawar nake nufi, ba gidan yarin Apapa ba, ko da yake ita ma in ta kama wuri ba ta saki). Don haka in ka cika gadon, ba shi ruwa ka ƙyale shi mako biyu. Duk abin da ya tsiro ka tone shi da saiwarsa. Aya-aya sai ka bi har ka ciro 'yar ƙwayar da ke ƙasa, in ka tsinke ganye kawai, kwana huɗu ta dawo.

Abin da za a dasa

Ka zaga ka ga abin da ke rayuwa a unguwarku ba tare da ana lallashinsa ba. Lambunan gwamnati irin na Alausa da na Muri Okunola ma wurin koyo ne, domin abin da aka dasa a can an zaɓe shi ne don ya jure.

Inda rana ke wuni, iksora ce ta farko, ja ko ruwan ɗorawa ko ruwan hoda, kusan duk shekara tana fure. Aibinta ɗaya: ba ta son siminti da toka. In ka ga sabon ganyenta ya yi fari-fari jijiyoyin na kore, duba ko ta matsu da bulo ko akwai ɓaraguzai a ƙasanta, ka ƙara mata ruɓaɓɓen ganye. Habiskos, ɗan uwan yakuwa da rama, yana son wuri, ba shi mita guda. Alamanda mai rawayan fure tana son abin hawa. Duranta, wadda masu fure ke kira yalobush, ita ake jerawa a bakin gado tazarar santimita 30, amma ka sani ka ɗauko wa kanka aski duk mako biyu da damina.

Bugenbiliya sai a jikin katanga inda rana ta fi zafi. Halinta na mutanenmu ne, wahala ke fito da kyanta: in ka cika mata ruwa da taki sai ta yi ta ganye, in rani ya shigo ka rage mata ruwa sai ta rufe katanga da fure. Tana da ƙaya, kada ka sa ta a hanyar yara. Ita da furanjifani (itace mai fure mai ƙamshi) da alobera da moɗa suna jure iskar gishiri, don haka su ne na mazauna kusa da teku.

Inda inuwa ta fi yawa, ka haƙura da fure ka nemi ganye mai kyau: kaladiyom mai zane ja da fari, moɗa, helikoniya mai ganye irin na ayaba a lungun da ke da danshi. Kuroton na son tsaka-tsaki, ranar safe ta ishe shi ya fito da launinsa.

Wardi fa? Ni dai na daina. A Jos yana yin kyau saboda sanyi, a Legas laima na sa ganyensa ɗigon baƙi ya zube, kullum kana jinya. Kuɗin wardi ɗaya ya saya maka iksora da yawa.

Gida mai ƙananan yara ko dabbobi ya guji oliyanda mai siririn dogon ganye, dukkan jikinta guba ne. Haka difenbakiya mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, ruwanta na kumbura baki da maƙogwaro in yaro ya tauna.

Kuma kada ka raina namu na gida. Lalle na yin shinge mai kyau in ya sami rana da ƙasa mai tsiyaye ruwa, furensa da dare ƙamshi har ɗaki. Ɗaɗɗoya da ciyawar shayi mai ƙamshin lemo a kusa da wurin zama, zogale ɗaya a kusurwa ana sare kansa kada ya wuce tsayin mutum. Na'a-na'a a tukunya kaɗai, in ka sake ta a gado sai ta cinye shi. Lambun da ake tsinkar na miya da na shayi a cikinsa, mutanen gida ba sa barinsa ya mutu in ka yi tafiya.

Tsarin jeri ba wuya: dogaye a baya, matsakaita a tsakiya, gajeru a gaba. Iri uku ko huɗu da aka maimaita sun fi iri goma sha biyar ɗaya-ɗaya kyan gani.

Saye da dasawa

A wurin masu fure na bakin titi, kada furen da ke kai ya ruɗe ka. Juya ganye ka dubi bayansa. Ɗan ja gindin a hankali: in ya taso ba nauyi, reshe ne aka soka jiya, bai yi saiwa ba. In kuma ka ɗaga ledar ka ji ta kama ƙasa, saiwa ta huda ta shiga, za a tsinke ta wajen ɗauka. Ƙaramin dashe mai lafiya ya fi babba da ya tsufa a leda.

Lokacin dashe mafi kyau shi ne Afrilu zuwa farkon Mayu, sai kuma lafawar Agusta zuwa Satumba. Tsakiyar Yuni da Yuli ruwa na dukan sabon dashe ya kwantar da shi. Yi aikin bayan la'asar. Jera su da ledojinsu a kan gadon ka ja baya ka duba, gyara ya fi sauƙi a lokacin. Haƙa rami ya ninka ledar faɗi, yanka ledar da reza ba tare da ƙasar ta wargaje ba (bugenbiliya ba ta yafe wannan), ka dasa daidai zurfin da yake a leda. Binne wuyan shuka na ruɓar da shi. Danna ƙasa da tafin hannu, ba da ruwa sosai sau ɗaya.

Rufe saman ƙasar da busasshen ganye ko ɓawon kwakwa kaurin yatsu uku, amma kada ya taɓa gindi. Yana hana ruwan sama daɓe ƙasa, yana rage ciyawa. Garin katako ɗanye na jawo gara, ni ba na sa shi.

Kulawa

Yatsa shi ne ma'auni. Soka shi har gaɓa ta biyu, in da danshi, ajiye bokitin. Da damina kana iya wata guda ba ka ba da ruwa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa sai kullum ko bayan kwana biyu, da sassafe, a gindi. In hunturu ya sauke ƙura, wanke ganyen sau ɗaya a mako. Ruwan burtsatse da ke fitowa ja-ja, tara shi a duro ya kwana ya kwanta. Mai gishiri kuwa kwana ba ya gyara shi, sai ka tari ruwan sama a duro mai murfi. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma ba gishiri a cikinsa, sa masa bokiti.

Maganar murfi ba wasa ba ce. Sauro na ƙyanƙyashewa ya tashi cikin kamar mako ɗaya zuwa kwana goma a ruwan da bai fi cikin faranti ba. Duk tukunya a huda ƙasanta, a ɗora ta kan bulo, a zubar da ruwan farantin ƙarƙashi duk mako, ko a cire farantin gaba ɗaya da damina.

Takin zamani NPK 15-15-15, cokali ɗaya na cin abinci ya ishi gindi matsakaici, bayan mako shida zuwa takwas. Zagaya shi nesa da gindi ka rufe da ƙasa. In hadari ya haɗo kada ka zuba, kwata za ka yi wa taki.

Ƙwarin da za ka fi gani su ne farin nan mai kama da auduga da ke maƙalewa a habiskos da kuroton, da darɓa a sabon toho. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a reshe, bi ta, za ta kai ka inda suke, domin zaƙin da suke fitarwa take sha. Daka ganyen darbejiya cikin hannu biyu, jiƙa a bokiti ya kwana, tace, ɗiga sabulun ruwa kaɗan, ka fesa da yamma har bayan ganye. Maimaita duk mako sau uku. Reshen da ya cika da su, yanke shi ka ƙone. Katantanwa kuma da dare take fitowa ta cinye sabon dashe, sai ka bi ta da tocila bayan isha'i. Manyan ba sai ka yar ba, akwai maƙwabcin da zai karɓa da godiya.

Aski ana yinsa bayan fure ya zube, da almakashi mai kaifi. Buɗe tsakiyar shuka iska ta ratsa, cunkoso da laima su ke kawo ruɓa. Bakin hayaƙin janareta kada ya kalli gadon, zafinsa na ƙone ganye cikin dare ɗaya.

Saura ragon layya. Kwana uku kacal ya yi a gidanmu, aka ɗaure shi a jikin tanki da igiya mai tsawo don ya sake. Da asuba na fito alwala na tarar da habiskos huɗu sun zama sanduna, shi kuma yana tsaye yana tuƙa da jan fure a gefen baki. Tun daga shekarar, kafin a sauke rago daga mota nake kafa turke a can ƙarshen intalok, in ja igiyar da hannuna har iyakarta, in ƙara tsawon wuyansa da taku ɗaya, sannan in kewaye gadon da ragar waya har sai an gama suya.